An Gano Ƙwayar Cuta a Kwata, Amma Ba a Ga Marar Lafiya Ba: Me Hakan Ke Nufi?

Lokaci zuwa lokaci akan ji sanarwa a rediyo cewa an gano ƙwayar cutar shan inna a ruwan kwatar wata unguwa a Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, don haka ma'aikatan lafiya za su sake fitowa gida-gida da ɗigon riga-kafi. Tambayar da ke biyo baya, a majalisar dattawa da tsakar gida, kusan ɗaya ce: tunda babu yaron da ƙafarsa ta shanye, ina cutar take? Wasu su ce ai kwata dama matattarar ƙazanta ce, kowa ya tona ta sai ya samu abin da yake nema, a yashe ta mana a ƙyale yara. Wasu kuma suna ganin dabara ce kawai don kada aikin riga-kafi ya ƙare.

Duk mai hankali zai iya yin waɗannan tambayoyi, musamman da yake ba kasafai ake tsayawa a yi wa jama'a bayani ba. Amsarsu kuwa ta rataya ne a kan abu guda: ƙwayar shan inna bairos ce, kuma ƙwayar bairos mai kama mutum ba ta haihuwa a kwata. Duk wadda aka tsinta a can, daga cikin wani mai rai ta fito, kuma ba da daɗewa ba.

Bambancin bairos da bakteriya

Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta. Tana ci, tana rabuwa biyu ta yawaita in ta samu ɗumi da abinci. Ƙwayar kwalara, alal misali, tana iya zamanta a ruwa ba tare da mutum ba. Bairos kuwa ɗan ƙunshi ne na bayanan gado, waɗanda masana ke kira RNA ko DNA, a naɗe cikin ɓawon furotin. Ba ya ci, ba ya girma, ba ya iya kwafar kansa. Sai ya shiga ƙwayar halittar jikin wani mai rai, ya tilasta mata ƙera dubban irinsa. In ya fito waje, jira kawai yake yi, ko ya samu wani jikin ko ya lalace.

Kowane bairos kuma da jikin da yake iya shiga. Na shan inna mutum kaɗai yake kamawa, ban da akuya, ban da kaza, ban da ɓera ko sauro. Yana shiga ta baki, ya yawaita a maƙogwaro da hanji, sannan ya riƙa fita a bayan gida har tsawon makonni. Kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin komai. Wasu su yi ɗan zazzaɓi da ciwon kai ya wuce. Wanda cutar ke shanye wa gaɓa bai wuce ɗaya cikin 200 ba, a nau'i na biyu daga cikin nau'o'in ƙwayar guda uku ma ya fi haka ƙaranci sosai. Ma'ana, ranar da aka ga yaro ɗaya ya kasa taka ƙafa, ɗaruruwan yara sun riga sun ɗauka sun kuma raba wa wasu. Jiran a ga shanyayye kafin a motsa yana nufin an yarda a sayi labarin da ƙafar wani yaro. Binciken ruwan kwata ƙoƙari ne na samun labarin kafin a kai ga haka.

Abin da ke samun ƙwayar tsakanin masai da kwalbar gwaji

Nan ne ilimin ya fi zurfi, domin ruwan kwata ba ya ajiye amana yadda aka ba shi. Daga lokacin da ƙwaya ta bar jiki zuwa lokacin da ma'aikaci ya ɗebo ta, abubuwa da dama suna aiki a kanta.

Na farko shi ne irin suturarta. Akwai bairos masu lulluɓin maiƙo a waje, irin su korona da mura. Wannan lulluɓi shi ne makaminsu na shiga jiki, shi ne kuma rauninsu. Sabulu da omo da zafi suna narkar da shi, kuma da zarar ya yage ƙwayar ta daina kama kowa. A gwajin da aka yi a 2020, kashi 90 cikin 100 na ƙwayar korona sun rasa ƙarfin kama mutum cikin kwana biyu a ruwan kwata mai ɗumin ɗaki. Akwai kuma marasa lulluɓi, waɗanda ɓawon furotin kawai gare su mai tauri: na shan inna, na ciwon hanta nau'in A da E, da rota mai sa jarirai gudawa. Waɗannan an halicce su ne su ratsa tsamin ciki su isa hanji, saboda haka ruwan wanki ba ya razana su. Sukan yi makonni a ruwa, in da sanyi da inuwa ma har watanni.

Na biyu shi ne zafi da rana. Duk yadda zafi ya ƙaru, lalacewar ƙwaya tana ƙara sauri, hasken rana kuma yana karya bayanan gadonta. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa a Turai wuri ne mai duhu da sanyi. Buɗaɗɗen lambatu a Sakkwato cikin watan Afrilu wani abu ne daban. Sauran ƙananan halittun da ke cikin ruwan su ma suna cin ƙwayoyin, ko su fitar da sinadaran da ke narkar da su.

Na uku, ƙwayoyin ba yawo suke yi su kaɗai a ruwa ba. Da yawansu suna manne wa ɓarɓashin ƙazanta da laka, masu lulluɓin maiƙo ma sun fi yin haka. In ruwa ya rage gudu sai su kwanta tare da lakar. Akwai kuma wani yauƙi da ke fitowa a jikin bututu da bangon kwata, wanda tarin bakteriya ke ginawa. Yakan riƙe ƙwayoyin bairos na ɗan lokaci, ya sake su daga baya idan ruwa mai ƙarfi ya zo ya kankare shi. Shi ya sa wani lokaci abin da aka gani yau saƙon 'yan kwanakin baya ne. Amma riƙewa daban, haihuwa daban. Yauƙin yana jinkirta ƙwaya, ba ya ƙara mata yawa.

Na huɗu shi ne sirki. Bayan gidan yaro ɗaya yana haɗuwa da ruwan wanka da wanke-wanke na dubban gidaje. Da damina kuwa ruwan sama yana ninka sirkin, har ƙwayar ta ɓace a cikinsa. In kuma magudanar tana karɓar ruwan masana'anta, kamar yadda rafin Getsi ke ɗauko na yankin Bompai ya zuba a Jakara, sinadaran suna iya kashe ƙwayar ko su ɓata gwajin kansa. Saboda haka ake guje wa ɗibar ruwa a ƙasan irin waɗannan wurare.

Duk da wannan asara, abin da ke tsira yana da yawa, domin mai ɗauke da cutar yana fitar da miliyoyin ƙwayoyi a rana. A birnin Helsinki na ƙasar Finland, masu bincike ƙarƙashin Tapani Hovi sun zuba sanannen adadi na ƙwayar riga-kafi a magudanar birnin, suka koma can ƙasa mai nisa suna ɗibar ruwa. Kwana huɗu a jere suna samun ta da ranta. A rahotonsu na 2001 sun ƙiyasta cewa a cikin jama'a 700,000, in mutum ɗaya cikin kowane 10,000 yana fitar da ƙwayar, ƙasa da rabin lita na ruwa ya isa a gano ta.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. Gwajin PCR, wanda aka fi amfani da shi wajen korona, guntayen bayanan gado yake nema, kuma waɗannan guntaye suna daɗewa bayan ƙwayar ta mutu. Samun su shaida ce cewa akwai masu cutar a gari, ba shaida ba ce cewa ruwan zai sa wa mutum korona. A shan inna kuwa, ƙwayar ake rainon ta a ɗakin gwaji har ta yawaita, wato mai rai ce aka kamo.

Aikin ya girmi korona da shekara 80

Da yawa sun fara jin labarin gwajin ruwan kwata ne a lokacin korona, amma tun 1939 John Paul da James Trask na Jami'ar Yale suka gano ƙwayar shan inna a magudanar birnin Charleston na Amurka. Isra'ila ta mai da shi aikin wata-wata tun 1989, kuma a 2013 ta ga amfaninsa. An samu ƙwayar shan inna ta asali, wato wadda ba daga riga-kafi ta fito ba, a magudanun Rahat da Biyasheba a kudancin ƙasar, daga baya ta bayyana a wasu garuruwan. Babu yaro ko ɗaya da ya shanye. Dalili kuwa, tun 2005 riga-kafin allura kaɗai ake yi wa yaransu, wanda ke kare jijiyoyi daga shanyewa amma ba ya hana ƙwayar zama a hanji ta wuce ga wani. Da ba don magudana ba, da cutar ta yi ta yawo a ɓoye har ta faɗa kan wanda ba shi da kariya. A watan Agustan shekarar suka koma ɗiga wa yara 'yan ƙasa da shekara 10 maganin baki, cutar ta yanke.

Yadda ake yin sa a garuruwanmu

A Najeriya an fara wannan aiki a Kano a 2011, a magudanun Jakara da Fagge da Kurna. A 2012 aka kai shi Sakkwato da Legas, daga nan ya bazu zuwa sauran jihohi. Ban da wasu sassan Abuja da ke da bututun da ke kai ƙazanta matatar Wupa, yawancin biranenmu ba su da magudanar ƙarƙashin ƙasa. Don haka buɗaɗɗun kwatoci ake zaɓa, waɗanda aka tabbatar ruwan gidaje masu yawa yana bi ta cikinsu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu wurin da ke tara ruwan mutum 100,000 zuwa 300,000.

Da sassafe ake zuwa, lokacin da aka fi shiga ban ɗaki. Ma'aikaci ya sa safar hannu da takalmin roba, ya jefa guga a tsakiyar inda ruwa ke gudu, ya cika kwalba mai cin kamar lita ɗaya. A rufe ta, a rubuta wuri da rana da lokaci, a sa ta cikin akwatin ƙanƙara, domin in ta yi zafi a hanya aikin ya ɓaci. Daga nan sai ɗakin gwajin shan inna na Jami'ar Ibadan. Can za a tace rabin lita da wasu sinadarai har ƙwayoyin su taru a 'yan cokula kaɗan, a zuba su a kan ƙwayoyin halitta da ake raino a kwalabe, a jira a ga ko za su lalata su. In sun lalata, sai a karanta bayanan gadon ƙwayar harafi bayan harafi. Duk wannan yana cin makonni.

Abin ya yi kama da mai sayen hatsi a Dawanau da ke soka buhu ya ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu. In ya ga ƙwari, ya tabbata akwai su a buhun. In bai gani ba, bai isa ya rantse babu ba. Don rage wannan shakka, masu gwajin suna duba ko kwalbar tana ɗauke da sauran ƙwayoyin hanji na yau da kullum, waɗanda ba a rasa su a cikin yara. In wuri ya daɗe ba ya nuna ko waɗannan, to ba lafiyar unguwar yake nunawa ba, wurin ne bai dace ba, sai a canza shi.

Maganar ƙwayar da ta samo asali daga riga-kafi

Wannan ce gaɓar da ta fi rikita mutane, kuma ɓoye ta ba ya amfanar kowa. Ɗigon da ake sa wa yara a baki ƙwayar shan inna ce mai rai da aka raunana. Tana zama a hanjin yaro, jiki ya koyi yaƙarta, ta fita a bayan gida na wasu makonni. Saboda haka bayan kowane zagayen riga-kafi akan same ta a kwata, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne. Alama ce ma cewa ɗigon ya isa unguwar.

Matsalar tana tasowa ne a inda yara da yawa ba su da riga-kafi. Sai ƙwayar mai rauni ta samu hanyar tsallakawa daga wannan yaro zuwa wancan, wata da watanni, tana ɗan sauyawa a kowane jiki. In ta yi shekara ko fiye tana wannan yawo, tana iya dawo da ƙarfinta na shanye gaɓa. A unguwar da kusan kowane yaro ya karɓi ɗigo, ba ta samun wanda za ta tsallaka gare shi, sai ta mutu a hanya. Ƙarancin riga-kafi ne ke rainon ta, ba yawansa ba.

Bayanan gadon ƙwayar suna sauyawa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, don haka ɗakin gwaji yana iya faɗin tsawon lokacin da ta yi tana yawo, da dangin da ta fito daga ciki. An ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020, amma wannan mai sauyawar, musamman nau'i na biyu, ta ci gaba. A 2021 kaɗai ta shanye yara fiye da 400 a Najeriya. A watan Maris na 2021 ɗin Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon ɗigon nOPV2, wanda aka ƙera shi yadda komawarsa mai illa zai yi wuya sosai.

Ƙwayar kuma ba ta san iyakar ƙasa ba. A 2019 an tsince ta a kwatar Tamale a arewacin Gana, danginta kuwa daga Jigawa. A ƙarshen 2024 an same ta a magudanun Sifen da Poland da Jamus da Ingila da Finland, kuma karatun bayanan gadonta ya nuna dangin da aka fara gani a Zamfara a 2020, bayan ya ratsa ƙasashe da dama. Ba mu kaɗai ke fama ba. A 2022 an yi ta samun wata a matatar Beckton da ke karɓar ƙazantar mutum miliyan 4 a Landan, har aka kira yara 'yan shekara 1 zuwa 9 su karɓi ƙarin allura. A shekarar ce wani matashi da ba a yi wa riga-kafi ba ya shanye a gundumar Rockland ta jihar New York, da aka koma kan ruwan kwatar da aka adana don korona sai ga ƙwayar a ciki. A Gaza, inda yaƙi ya rusa magudanai da asibitoci, an gano ta a ruwan Khan Yunis da Deir al-Balah a Yulin 2024. Wata guda bayan haka aka tabbatar ta shanye jariri ɗan wata 10.

Abin da korona ta ƙara

Korona cutar numfashi ce, amma kusan rabin masu ita suna fitar da guntayenta a bayan gida. A Holan, masana na cibiyar binciken ruwa ta KWR sun gano ta a ruwan garin Amersfoort ranar 5 ga Maris 2020, kwana 6 kafin a samu mai cutar na farko a garin. A Italiya, da aka koma kan tsoffin kwalabe, an ga alamarta a na Milan da Turin na ranar 18 ga Disamban 2019. A Agustan 2020 Jami'ar Arizona ta ga alama a magudanar wani ɗakin kwanan ɗalibai, aka gwada mazaunansa 311, aka samu biyu masu cutar da ba su san suna da ita ba.

Sabon abu a nan shi ne ƙirga. A shan inna tambayar ita ce akwai ko babu. A korona kuwa ana son a san ko tana hawa ko tana sauka. Don gyara lissafin sirkin ruwan sama, masana suna auna wani bairos na barkono da tattasai wanda ba ya cutar da mutum amma yana fita a bayan gidan kusan kowa. Yawansa ne ke nuna ko kwalbar ta ƙunshi ƙazantar mutane sosai ko ruwa ne ya yi yawa. Yanzu da wannan hanya ake bibiyar mura da ƙyanda da ƙyandar biri a ƙasashe da dama, kuma Tarayyar Turai ta sa ta cikin dokar ruwan ƙazanta da ta sabunta a 2024.

Ita kanta kwatar tana sa cuta?

Ga bairos marasa lulluɓi, ƙwarai kuwa. A 1955 zuwa 1956 ambaliyar kogin Yamuna ta sa ruwan wata babbar kwata ya shiga inda ake jan ruwan sha na Delhi ta Indiya, kusan mutum 29,000 suka kamu da ciwon shawara. Daga baya aka gane ciwon hanta nau'in E ne. Wannan cutar ce ta ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno a 2017, a tsakanin 'yan gudun hijira, kuma mata masu juna biyu ne ta fi kashewa. Masu lulluɓin ma sun taɓa samun hanya. A 2003, a rukunin gidajen Amoy Gardens na Hong Kong, ruwan da ke toshe lanƙwasar bututun ƙasan ban ɗaki ya bushe, sai iska ta riƙa jawo feshin ƙazanta zuwa ɗakunan mutane. Fiye da mutum 300 suka kamu da SARS, cutar numfashi 'yar uwar korona, 42 suka rasu.

A wajenmu hanyoyin a fili suke: bututun famfo da ya fashe a cikin kwata, rijiyar da aka haƙa kusa da masai, yaran da ke wasa a bakin lambatu, da lambunan latas da kabeji da ake ba ruwan Jakara. Sai kuma masu yashe kwata da masu kwasar masai, waɗanda ke shiga ciki da hannu da ƙafa, galibi babu safa babu takalmi. Don haka masu cewa a yashe kwata suna da gaskiya, kuma haƙƙi ne a kan hukumomi. Sai dai yashewar tana rage hanyar yaɗuwa ne, ba ta fitar da ƙwayar daga hanjin yaron da ke ɗauke da ita. Gobe da safe zai sake zuba ta.

Waɗanda kwata ba ta gani

A nan ne nake ganin ya kamata masu murnar wannan fasaha su sassauta. Kwata tana ba da labarin waɗanda ƙazantarsu ta iso gare ta ne kawai. Gidan da ke da masai na rami ko sokawe yana riƙe da nasa a ƙasa. Ƙauyuka da rugage ba su da magudanar da za a ɗiba. Binciken gwamnati na 2021 ya nuna kusan 'yan Najeriya miliyan 48 a fili suke bayan gida. Mafi yawan yaran da ba su taɓa karɓar riga-kafi ba suna cikin waɗannan rukunai, wato waɗanda aka fi buƙatar jin labarinsu su ne kwalbar ba ta kaiwa gare su.

Borno ta koyar da wannan darasi. Bayan yaron da ya shanye a Sumaila ta jihar Kano ranar 24 ga Yulin 2014, an yi shekara biyu ba a ga shan inna ta asali ba, ko a mutum ko a ruwa. A Agustan 2016 sai ga ta a Jere da Gwoza, daga baya Monguno. Bayanan gadonta suka nuna tun 2011 take yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Kwatocin birane ba su yi ƙarya ba, nasu kawai suka faɗa. Shi ya sa har yau ba a daina neman duk yaron da gaɓarsa ta saki farat ɗaya ba, a ɗauki bayan gidansa sau biyu a gwada.

Kwata kuma ba ta faɗin wane ne. A 2024, da aka riƙa ganin murar tsuntsaye a magudanun Amurka, an kasa cewa daga mutane take, domin madarar shanun da suka kamu da kashin tsuntsaye su ma suna shiga ruwan. Wannan rashin suna a wani ɓangaren rahama ne, tunda ba a tona asirin kowa. Amma rahamar tana raguwa idan aka matsa kusa. A jihar Wisconsin masu bincike sun bi wani baƙon nau'in korona daga matata, bututu bayan bututu, har zuwa wani kamfani mai ma'aikata kusan 30. Ruwan da ke nuna cuta yana kuma nuna ƙwayoyin maye da magungunan da mutane ke sha. In aka fara ɗiba daga makaranta ɗaya, ko gidan yari, ko sansanin 'yan gudun hijira, tilas a tambayi wanda zai ga sakamakon da abin da zai yi da shi. Ko a matakin unguwa ma, kiran sunan wuri a rediyo na iya jawo masa tsangwama, alhali kwata ɗaya tana tara ruwan unguwanni da yawa, har da na baƙon da ya kwana ɗaya a tasha ya wuce.

Abin da ke biyo bayan sakamako

In aka tabbatar da ƙwaya mai yawo, ma'aikata sukan bi magudanar zuwa sama su tantance unguwannin da ke zuba ruwa a ciki, su duba katin riga-kafin yara, su leƙa asibitoci da wuraren masu maganin gargajiya ko an kawo yaro mai sakin ƙafa, a ƙara yawan ɗibar ruwa, sannan a fito da zagayen ɗigo. Ana ba har yaron da ya karɓa a baya, domin gudawa da tamowa da sauran ƙwayoyin hanji suna rage kamun ɗigon a ƙasashe masu zafi, kuma manufar ita ce a toshe wa ƙwayar duk hanjin da za ta fake a lokaci guda. Allurar da aka sa cikin riga-kafin jarirai a Najeriya tun 2015 tana ƙara kare yaron daga shanyewa, ɗigon kuma shi ke yanke yaɗuwa.

Rashin yarda a Arewa yana da tarihi. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma dakatar da riga-kafi na 2003 zuwa 2004 daga wannan rashin yarda ya tsiro. Uban da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa sau da yawa a shekara da ɗigon kyauta, alhali in ɗansa ya yi zazzaɓi sai ya sayi magani, yana da damar tambaya. Abin da ya fi damuna shi ne, sakamakon kwalbar da aka ɗiba a bayan gidansa yana isa Ibadan da Abuja da Geneva, inda hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya take, amma shi ba ya jin komai sai ranar da ya ga masu ɗigo a zaure. Ya kamata mai unguwa da liman da ungozoma su ji abin da aka samu, da ranar da aka ɗebi ruwan, da irin ƙwayar, cikin harshen da suke ji.

Sannan wuraren ɗibar ruwa da akwatunan sanyi da ƙwararrun da aka horar tun 2011 da kuɗin yaƙi da shan inna aka gina su, kuma kuɗin tallafin waje raguwa yake yi. Kwalbar da ake gwadawa don ƙwaya ɗaya tana iya ba da labarin taifod da kwalara da ciwon hanta, kamar yadda aka gwada a rafukan Blantyre na Malawi da kwatocin Dhaka na Bangaladash, biranen da magudanarsu ta yi kama da tamu. Ko za a faɗaɗa aikin ya zama na dindindin, ko a bar shi ya mutu ranar da masu tallafi suka janye, shawara ce da ke hannun hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da hukumar lafiya a matakin farko da ma'aikatun lafiya na jihohi, kuma a kasafin kuɗinsu za a ga amsar.